Labda: Birnin Da Yashi Ya Cinye

Duk wanda ya ke noman rani a ƙasar Kura da Bunkure ya san ranar yashe kanal. Tun da dare a ke yin shela, gari na wayewa kowa ya fito da shebur da lauje, a shiga laka har gwiwa, a kwashe yashi, a sare kacalla. Ya kuma san yadda waɗansunmu su ke yi a ranar. Wanda gonarsa ta ke kusa da bakin ruwa sai ya ce yana da biki ko gaisuwar mutuwa, gama ya sani ko an yashe ko ba a yashe ba ruwa zai iso masa. Na can ƙarshe shi ne mai kuka. Ni ma na sha yin wannan wayo, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya raba ni da shi wani kangon birni ne da na gani a bakin Bahar Rum, a ƙasar Libiya. Labarinsa na ke so in ba ku.

Hanyar da kakanninmu suka sani

Kafin yaƙin Libiya na 2011 na yi aikin ban ruwa a wata gona kusa da garin Humus. Garin yana gabas da Tarabulus, kamar kilomita 120, wato bai kai nisan Kano zuwa Zariya ba. Ran Jumma'a ba a aiki. Wata Jumma'a da safe abokin aikina, wani Musulmi mutumin Maraɗi wanda ya fi ni jin Larabci, ya ce mini, “Malam, tashi in kai ka ka ga garin mutanen dā. Ku da ku ke karanta labarin Romawa a littafinku, ai kai ya kamata ka gani.” Larabawa suna kiran wurin Labda. Romawa kuwa Leftis Magna su ke ce masa, wato Leftis Babba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gaɓar teku baƙuwa ce gare mu. Tarabulus ita ce ƙarshen hanyar ayarin da ke tashi daga Kano, ya bi ta Damagaram da Azbin da Gat da Gadamas. Baƙin rawanin nan mai sheƙi da a ke kira ɗan Kura, wanda aka rina a marinar Kura aka buge shi a mabuga, ta wannan hanya ya ke bi zuwa hannun Buzaye da mutanen hamada. Fatu da hauren giwa da gashin jimina sun bi ta, bayi kuma sun bi ta cikin hawaye. Fataken Tarabulus da Gadamas su ne aka fara kira Turawa a Kano, unguwarsu kuma ita ce Dandalin Turawa. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zaga kangon Labda a farkon 1850, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi. Daga nan ayari ya yi ta raguwa har ya ƙare.

Sunan Tarabulus kansa ma'anarsa birane uku, da harshen Helenanci. Biranen su ne Oya, wadda ta zama Tarabulus ta yau, da Sabrata a yamma, da Labda a gabas. A cikin ukun Labda ce ta fi girma da arziki.

Kasuwar da ta girmi Ubangijinmu cikin jiki

Mutanen Finikiya ne suka kafa Labda, wato dangin mutanen Taya da Sidon da mu ke karantawa, wajen shekara 600 ko fiye kafin haihuwar Almasihu. Sun zaɓi wurin domin akwai wani kwari da ke gangarowa daga tuddai ya faɗa teku, bakinsa ya zama mafakar jiragen ruwa. Ku riƙe zancen kwarin nan, za mu komo kansa. Bayan Roma ta rushe Kartaji a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, sai Labda ta ƙulla abuta da Roma, a hankali ta zama birnin Romawa, ko da ya ke mutanenta ba su bar harshen kakanninsu ba.

Muna shiga muka gangara kan wata babbar ƙofar dutse mai baki huɗu, tsaye a mararrabar hanya. Daga nan titi ya miƙe, an shimfiɗe shi da faffaɗan duwatsu. Ba kowa sai mu da iska. Wurin da ya fara kama zuciyata kasuwa ce. An gina ta a zamanin Kaisar Augustas, wanda Luka ya ambata a labarin ƙidaya, 'yan shekaru kaɗan kafin a haifi Yesu a Baitalami. Ga rumfuna biyu masu kewaye a tsakiya, ga teburan dutse inda mahauta da masu kifi su ke baza kaya. Ga wani dutse da aka huda ramummuka manya da ƙanana a kansa, su ne mudu da tiyar hukuma na awon hatsi da mai. Ga wani kuma da aka zana ma'auni iri uku a jikinsa, kamu na Finikiyawa, da taki na Romawa, da kamu na Iskandariya, domin mai sayen yadi daga ko'ina ya fito ya auna da idonsa. Abokina ya yi dariya ya ce, “Ashe ha'incin mudu ba a kasuwar Kura aka fara shi ba.”

Kusa da kasuwar akwai gidan wasan kwaikwayo, kujerun dutse hawa hawa suna duban teku. Wani attajirin garin ne ya gina shi, aka buɗe shi lokacin da Yesu ya ke ƙaramin yaro a Nazarat. Sunan attajirin yana nan a rubuce bisa ƙofa da harshe biyu, Latin na masu mulki da Finikiyanci na 'yan gari.

Daga ina duk wannan dukiya? Daga zaitun. Tuddan da ke bayan birnin busasshiyar ƙasa ce, ruwan samanta bai kai namu ba. Amma manomansu sun iya tare ruwa. Sun yi ta gina ƙananan madatsai a cikin kwaruruka, suna tare ruwan sama da lakar da ya kwaso, suna dasa zaitun a kai. Har yau akwai kufan matatsun mai ɗaruruwa a tuddan. A tuluna a ke zuba man, jirage su kai Roma. Ta kudu kuma hauren giwa da namomin jeji su ke zuwa ta hannun mutanen Fezzan. Wani masanin Iskandariya mai suna Batlamus ya rubuta labarin wani Barome, Yuliyus Maternus, da ya tashi daga Labda, ya bi sarkin mutanen Fezzan tafiyar wata huɗu kudu, har suka kai ƙasar da karkanda ke taruwa. Masana da yawa suna ganin wajen Tafkin Cadi ke nan.

Ɗan gari ya zama Kaisar

A shekara ta 145 aka haifi wani yaro a Labda, sunansa Seftimiyus Seberus. Ya shiga aikin hukuma da na soja, a 193 ya zama Kaisar na dukan mulkin Roma. Mutumin Afirka ne, har ya mutu ana jin harshen garinsu a bakinsa. Ya mutu a birnin Yok na Ingila a 211. Kamar yadda manyanmu su ke yi in sun sami sarauta, shi ma bai manta da gida ba. Ƙofar nan mai baki huɗu domin girmama shi aka gina ta. Ya sa aka yi sabon dandali, aka kawo marmara daga ƙasar Helas da Asiya Ƙarama, aka kawo jan dutse daga Masar. Aka gina babban ɗakin shari'a wanda ɗansa ya ƙarasa a 216. Aka yi titi mai ginshiƙai dama da hagu, daga gidan wanka har bakin teku.

Gidan wankan tun zamanin Kaisar Hadriyan ya ke, wajen shekara ta 127. Akwai ɗakin ruwan sanyi, da na ɗumi, da na zafi. Ruwan kuwa daga wani kwari aka jawo shi, tafiyar kusan kilomita 20. Har makewayinsu na marmara ne, ruwa yana gudu a ƙarƙashi. Na tsaya na tuna da matan ƙauyenmu da tulu a ka, na rasa abin cewa.

Amma kada kyan dutse ya ruɗe mu. Gabas da birnin akwai wani babban fili da aka fafe cikin ƙasa a zamanin Nero, a shekara ta 56, mai ɗaukar 'yan kallo wajen 16,000. A nan a ke sa mutane su yi faɗa da juna ko da namomin jeji, jama'a na sowa. A irin wannan fili ne a Kartaji, a shekara ta 203, a mulkin wannan Seberus ɗin, aka jefa wa namomin jeji waɗansu 'yan'uwanmu mata biyu, Farfetuwa da Filisita, domin sun ƙi musun Almasihu. Farfetuwa tana da jariri a nono. Filisita baiwa ce, a kurkuku ta haihu kwana kaɗan kafin ranar. A shekarun da a ke jera marmara a Labda ke nan.

Tashar da ta zama fili

Da muka bi titin ginshiƙai har ƙarshe sai abokina ya ce, “To, ga tashar jiragen ruwa.” Na duba ban ga ruwa ba. Fili ne kawai na yashi da ciyawa da kara, kamar fadamar da ta ƙafe. Sai da wani dattijo mai gadi ya ja mu gefen gabas na gane. Ga matakalan dutse suna gangarawa cikin yashi. Ga manyan duwatsu masu huda inda a ke ɗaure igiyar jirgi. Ga ƙofofin ɗakunan ajiya a jere. Can kan tsibi ga gindin hasumiyar da a ke kunna wuta bisanta domin jirage da dare.

Na shafa hudar ɗaya daga cikin duwatsun. Kowa ya san yadda igiyar guga ta ke cin bakin rijiya. Wannan kuwa sumul, kamar jiya aka sassaƙa shi. Na ce wa abokina ya tambayi dattijon dalili. Dattijon ya ce, “Ɗana, ba su daɗe suna amfani da ita ba. Yashi ya riga su.”

Ga yadda abin ya faru. Kwarin nan da na ce ku riƙe, yawancin shekara a bushe ya ke, amma in aka yi ruwa a tuddai sai ya zo da ƙarfi, ɗauke da laka da yashi. Mutanen Labda sun san haka, saboda haka suka gina madatsa a bayan gari, suka haƙa magudana ta karkatar da ambaliya ta kai ta teku ta yamma. Muddin ana yashe bayan madatsar ana gyaran magudanar, birni da tasha suna lafiya. Seberus ya faɗaɗa tashar, ya kewaye ta da bangaye, ta yi kyan gani, amma lakar da ta shiga ba ta da hanyar fita. Da zamani ya juya, kuɗi suka ragu, aka bar yashewa. Madatsar ta cika, ta karye. Kowace ambaliya sai ta bar tata laka a tasha da titunan gari. Da yayyafi kogi kan cika, da kaɗan kaɗan kuma tasha ta zama fili.

Masifu sun zo daga waje, gaskiya ne. Wajen shekara ta 363 mayaƙan hamada suka faɗa wa gonakin Labda, suka sare itatuwa, suka kashe manoma. Mutanen gari suka kai kuka wurin shugaban sojan Roma na Afirka, mai suna Romanus. Ya zo da rundunarsa, ya ce ba zai taka ko'ina ba sai an ba shi guzuri mai yawa da raƙuma 4,000. Ba su da su. Ya zauna kwana 40 ya yi tafiyarsa. Da suka kai ƙara wurin Kaisar, wanda aka aiko bincike ya haɗa baki da shi, ƙarshe waɗansu masu ƙarar ne aka kashe. A 455 Bandalawa daga Turai suka karɓi ƙasar. Sa'ad da sojojin Kaisar Yustiniyan suka ƙwato ta a 533, marubucinsu ya ce sun tarar yashi ya rufe yawancin birnin. Suka ja ƙaramar ganuwa kewaye da tasha da tsohon dandali, suka bar wa yashi sauran. Da Larabawa suka iso wajen 643, ɗan ƙaramin gari suka tarar.

Yashin da ya kashe birnin shi ne kuma ya adana shi. An kwashi ginshiƙai zuwa Faransa da Ingila, amma yawancin ginin yana binne har Italiyawa suka shiga tono sosai daga wajen 1920. A 1982 hukumar UNESCO ta sa Labda cikin wuraren tarihi na duniya.

Ina masu sujada?

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin ɗakin shari'ar Seberus. A zamanin Yustiniyan an mai da shi majami'a. Ga mumbari da aka haɗa da tsofaffin duwatsu. A wani ɗaki na gefe ga ramin baftisma, an yi shi da siffar gicciye, da matakalai na shiga da na fita. Na sauka ciki na tsaya. Busasshe ne ƙayau, sai ɗan yashi a ƙasa. Abokina ya matsa gefe ya bar ni, Allah ya sāka masa.

'Yan'uwa, bishara ta riga mu isa wannan ƙasa da nisa. Saminu Bakurane da ya ɗauki gicciyen Ubangiji mutumin gabashin Libiya ne. A taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a Kartaji a 256, a ƙarƙashin Kifriyanus, an ambaci bishof na Labda da na Oya da na Sabrata. Afirka ta Arewa ta ba ikkilisiya manyan malamai irin su Tartuliyan da Agustin. To, ina jikokinsu?

Da sauƙi a ce takobi ne ya share su rana ɗaya, amma ba haka tarihi ya nuna ba. Kusa da Tarabulus an tono kaburburan Kirista masu rubutun Latin na wajen shekara ta 1000, wato fiye da shekara 300 bayan zuwan Larabawa. Ikkilisiyar ba yanka ta aka yi ba. Ƙafewa ta yi ta yi, kamar tashar.

Abu uku na gani cikin labarinta. Na fari, tsattsaguwa. Bayan tsanani na shekara ta 303 Kirista suka rabu biyu a kan waɗanda suka miƙa Littattafai ga hukuma domin tsoro. Fiye da shekara 100 garuruwa da yawa suna da bishof biyu da majami'a biyu masu gaba da juna. Na biyu, hali ga maƙwabta. Wajen 543 gwamnan da Kaisar Kirista ya naɗa ya kira dattawan mutanen hamada su 80 cin abinci a Labda, gardama ta tashi, aka karkashe su, ɗaya kaɗai ya tsira. Wa zai saurari bishara daga bakin mutanen da suka yi haka? Na uku, harshe. Da Latin a ke karatu da sujada, harshen birni da hukuma. Ba a sami Littafi Mai Tsarki da aka juya zuwa Finikiyanci ko harshen Barbar na mutanen ƙauye da hamada ba. A Masar da Habasha kuwa an juya shi zuwa harshen 'yan ƙasa tun da wuri, ikkilisiyoyinsu kuma suna nan har yau. A Labda ruwan ya tsaya a gonakin bakin kanal, bai kai na ƙarshe ba.

Da na komo gida

An gama madatsar Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Iyayenmu sun ga ranar da ruwa ya fara gudu a kanal da rani tsaka, a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ƙasar da a dā sai gero da dawa da damina ta koma ba da shinkafa da alkama da tumatir da albasa, manyan motoci suna lodi a Kwanar Gafan. Duka duka shekara 50 da 'yan kai ke nan. Labda ta yi fiye da shekara 1,000 tana tsaye. In yashi ya iya da ita, kanal ɗinmu ba zai gagare shi ba. Mun kuwa ga alama da idonmu: inda muka fasa bango domin satar ruwa, inda muka bar kacalla ta toshe hanya, inda gonakin ƙarshe suka koma saura.

Na ba mahaifina wannan labari duka a zaure, daren da na iso. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Yaushe rabon da ka karanta wa 'ya'yanka Littafi a gida?” Na ce, “Baba, ai suna zuwa makarantar Lahadi.” Ya ce, “Ban tambaye ka makarantar Lahadi ba. Ni da girmana na koyi karatu, a ajin yaƙi da jahilci, domin in karanta shi da bakina. Ɗanka na fari yana karanta Turanci kamar ruwa, amma na miƙa masa na Hausa ya yi ta in'ina. Kakarsu kuwa ba ta jin Turanci. To, wane ne zai karanta mata?” Ban sami amsa ba.

Mu an yi mana alherin da ba a yi wa manoman Labda ba. Tun 1932 mu ke da Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Amma littafin da ke cikin akwati ƙarƙashin gado daidai ya ke da madatsar da ba a buɗe ƙofarta ba. Kubawar Shari'a sura 6 ta ɗora aikin koya wa 'ya'ya a wuyan iyaye, a cikin gida, safe da maraice. Fasto da mai bishara su ne babban kanal. Ƙaramin da ke shiga kowane gida, mai gida da uwargida ne za su yashe shi, ba wanda zai zo daga Kano ya yi musu.

Tun daga lokacin, in an gama tuwon dare muna shimfiɗa tabarma, yara su karanta sura ɗaya da Hausa bi da bi, kakarsu tana gyara musu faɗar kalmomi ko da ya ke ba ta san baƙi ba. Wani dare gajiya ta kan sa mu fasa, kashegari mu sāke ɗauka. Akwai kuma wani ɗan'uwa a majami'armu da muka yi shekara biyu ba ma gaisawa saboda rikicin iyakar gona. Na je na same shi. Ranar yashe kanal kuwa, da Kirista da Musulmi duk laka ɗaya mu ke shiga, ni ma yanzu da sassafe na ke fita da shebur ɗina, ko da ya ke gonata tana bakin ruwa.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ubangiji ya ba mu ƙarfin yashewa tun yashin bai fi ƙarfin shebur ba. Amin.